Kamu Ɗaya da Rabi

A tashar Maraɗi, wadda su can suke ce wa otogar, na fara zargin ko ni kaɗai ne mahaukaci a kan hanyar nan. Shekarun da kuɗin mai suka fashe a Najeriya ne, fari kuma bai daɗe da sakin mutane ba. Duk motar da ta nufi Jibiya cike take maƙil da samari masu tafiya neman aikin lebura a Katsina da Kano da Ikko. Ni kuwa ga ni na baro inda kowa ke rububin shiga, na faɗo ƙasarsu da ƙunshin tsummana da wata igiyar rama ɗaure a ƙuguna ƙarƙashin riga. Wani mai shayi ya tambaye ni abin da na zo saye. Na ce itace. Ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya kira maƙwabcinsa ya ce ya zo ya ga ɗan Najeriyar da naira ta taɓa wa kai.

Itacen da nake nufi azara ce, kuma ba kowace azara ba. A gidanmu na gona, can bayan Mazanya, akwai wata shigifa da kakana ya gina tun ba a haifi Baba ba. Wanda ya hango ta daga waje cewa zai yi ginin ƙasa ne irin na kowa. Ba haka ba ne. Ƙashin ɗakin itace ne, ƙasa riga ce kawai aka sa masa. Dirkoki goma ne na kirya a tsaye cikin bango, biyar gabas biyar yamma, kowace tana zaune a kan dutse da toka a gindinta saboda gara. A kan dirkokin aka ɗora dogayen itatuwa biyu, aka ɗaure da ƙirin fata, babu ƙusa ko guda. Daga wannan itace zuwa wancan aka jera azara, bisa azara asabari, bisa asabari ƙasa. Da tsakar bazara in ka shiga sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa. A ɗakin aka haifi Baba, a ciki Innarmu ta cika, a ciki kuma Baba yake kwana har lokacin da nake ba da labari, bayan yanar ido ta rufe masa gani.

Ruwan da ya dawo bayan fari shi ya ɓata mana rufin. Indararo ya toshe ba mu lura ba, ruwa ya kwanta a sama, kawunan azara suka ruɓe ta gabas, rufi ya yi ciki. Yaya Lawali, babban wanmu, lokacin ya fara samun kwangilar kai yashi a Katsina, har ya sayi mota. Ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ko shiga bai yi ba, ya ce a rushe wannan kogo a yi wa Baba na bulo da kwano kamar yadda mutane ke yi. Baba ya ce sai dai a rushe shi a kansa. Muka yi ta sa-in-sa ni da Yaya har sai da Kawu ya zo ya raba mu. Hukuncin da Kawu ya yanke shi ne: in sabuwar azara ta hau kafin ruwan farko, ɗaki ya tsaya, in ruwa ya riga mu, Yaya ya kawo leburorinsa.

Na zaga kasuwar Jibiya da ta Katsina. Duk azarar da na samu ta macen giginya ce, fara, mai laushi, abincin gara. Masu tsaga ta kirki sun jefar da gatari sun tafi ɗaukar kwanon kankare. Baba ya ce ubansa daga kwarin Dallol ya kawo tasa bisa raƙuma, can wajen Gaya ta ƙasar Nijar, inda namijin giginya ke tsufa ba mai damunsa. Ya sa na miƙo masa igiya, ya auna kamu shida da hannunsa, ya ƙulle. Ya ce, "Isuhu, ko da ɗan yatsa kar ta gaza ƙullin ga. In ta gaza, kanta ba zai hau itace ba." Abin da ke ƙuguna ke nan a otogar ana yi mini dariya.

Dariyar mai shayin ce ta jawo mini Sanda. Dillali ne, siriri, mai tsabtar riga da daɗin baki. Ya ce mi zai kai ni Gaya, tafiyar kwana da kwanaki, alhali ga azarar Dallol nan jibge a bayan kasuwa? Ya ja ni wani kango. Wallahi na gan ta baƙa wuluk, tana sheƙi, tsawonta ya wuce ƙullina. Baba ya koya mini yadda ake gane namiji: ka ɗaga ka ji nauyi, ka ƙwanƙwasa ka ji amo, ka sa farce ka ga ya ƙi shiga. Ban yi ko ɗaya ba. Zuciyata ta riga ta koma gida, ina ganin kaina ina sauke kaya gaban Yaya Lawali kwana uku kacal da fitata. Na kwance guzurina na ba Sanda.

Washegari muna fitar da ita rana ta buge ta, sai na ga kafaɗar rigata ta yi baƙi. Na shinshina, warin baƙin man mota. Na zaro wuƙa na soka, ta shige kamar cikin dafaffen rogo. Mace ce aka jiƙa da baƙin mai. Na shaƙe wuyan rigar Sanda, mutane suka taru. Ɗan banzan ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Haba ɗan Najeriya. Ku da gobe za ku rufa kwano, mi ya dame ka da wadda za ta shekara ɗari?" Aka fashe da dariya. Babu wanda ya tsaya mini, don a idonsu duk wanda ya fito daga wajenmu naira yake takawa a ƙasa. Da ƙyar wani dattijo mai sayar da igiyar guga ya sa aka mayar mini da abin da zai kai ni Gaya. Sauran ya tafi ke nan. Na zauna bakin kwata ina wanke riga da toka, ina zagin Sanda, ina zagin kaina fiye da shi.

Daga Maraɗi bisa buhunan albasa na tafi, a saman wata kamiyo, wato babbar motar kaya. Bayan Ƙonni ta mutu a dokar daji, muka kwana biyu ana jiran a kawo wani ƙarfe. Ruwana ya ƙare tun ranar farko. Cikin fasinjoji akwai wani tsohon Buzu da bai ce wa kowa uffan ba tun da muka taso. Shi ya yafito ni ƙarƙashin mota, ya hura 'yan gawayinsa, ya dafa shayi a butar da ba ta fi dunƙulen hannu ba, ya ba ni kofin farko. Da na ɗaga riga ina fifita ya ga igiyata, ya tambaya, na ba shi labari. Bai yi dariya ba. Ya buɗe jakar fatarsa ya nuna mini tasa igiyar, akalar raƙumi ce, ta sha hannu har ta yi santsi. Ya ce fari ya kashe raƙumansa duka, Dosso za shi neman aikin gadi. A Dosso muka rabu, ko sunansa ban tambaya ba, abin da har yau yake damuna.

Ban taɓa ganin giginya irin ta Dallol ba. Tun daga kan tudu kake hango ta tsaye cikin kwari har iyakar ganinka. Na sauka wani ƙauye kusa da Gaya aljihu wayam, aka nuna mini gidan Tsoho Hamani, wanda ke da takardar izinin sara a wannan yanki. Gajere ne, Bazabarme, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru, Hausarsa a karye amma tana isar da saƙo. Na ce masa ba ni da abin saye, ƙarfi gare ni. Ya ce to, in muka tsaga huɗu ɗaya tawa ce, abinci kuma gidansa.

Aikin nan kar Allah ya maimaita mini. Sai an zaɓi namiji, wanda ba ya 'ya'ya, kuma tsoho. In an kayar, daga gindi zuwa inda cikinsa ya kumbura nan ne kawai itace, sauran banza ne. A kafa ƙarafa a jere a yi ta dukansu da guduma har gungumen ya buɗe, a sake tsaga kowane ɓari, sannan a fere farin cikin a bar baƙin bayan. Baƙin nan kuwa duk sartse ne kamar allura. Mako na farko hannuwana suka kumbura har ba na iya damƙe loma. Matar Hamani, wadda nake ce wa Inna don ban iya kiran sunanta ba, ita ke zaunar da ni bayan la'asar ta yi ta tsince mini sartse da allurar ɗinki, ta shafa man shanu, tana faɗa da Zabarmanci. Ban san me take cewa ba, amma na san faɗan uwa in na ji shi. Abincinsu shinkafa da kifi ne, kowa ya ce na yi sa'a, ni kuwa furar Mazanya nake mafarki, mai yaji da tsamin nono. In na ji sakan turmi da hantsi sai in ajiye guduma in juya baya kar a ga idona.

Da sauran ma'aikata kuwa kullum faɗa. Su kamu biyar suke yankewa, don shi kasuwa ke so kuma ya fi sauƙin ɗauka. Duk wadda ta faɗo rabona sai in kwanto igiya in shimfiɗa, in ba ta kai ƙulli ba in ce ban karɓa ba. Suka sa mini suna Mai Igiya. Ran nan wani ƙato cikinsu ya fizge ta ya ce zai ɗaure akuya, na ɗauki guduma na bi shi, sai da aka rirriƙe ni. Hamani ya karɓi igiyar ya auna da hannunsa, ta ba shi kamu shida da 'yan yatsu huɗu. Ya ce, "Ubanka dogo ne." Na ce dogo ne. Ya ce, "Kuma magini ne. Wanda ba magini ba ba ya ƙulli irin wannan." Daga ranar shi da kansa yake ware mini dogayen.

Talatin da shida ɗakin ke buƙata. Ina da talatin ranar da hadari ya haɗo daga gabas ya zubar da ruwa a Dallol kamar da bakin ƙwarya. Kowa na murna ban da ni. Na tsaya cikin ruwan ina cewa shi ke nan, Yaya ya ci. Hamani ya jawo ni ƙarƙashin rumfa ya ce in kwantar da hankalina, ruwansu yana riga namu, sai ya yi kusan wata yana tafiya kafin ya kai ƙasar Katsina. Da gari ya waye ya zaro shida daga nasa, waɗanda suka fi kowanne baƙi, ya aza kan nawa. Ya je ya yanko mini takardar fitar da itace, ya nemo kamiyon da za ta Maraɗi, ya yi magana da direban da yarensu. Inna ta ƙulla mini muruci a tsumma. Na durƙusa zan yi godiya. Ya ce, "Tashi, Mai Igiya. Je ka rufa wa tsoho ɗakinsa."

Kwana huɗu ina zaune bisa azarata har Maraɗi. Ko fitsari zan sauka sai na waiwaya. A otogar aka sauke mini ita, na zauna a kai ina tunanin yadda zan ƙarasa da ita gida, sai na ji an ce, "Wa nake gani kamar Isuhu na Magini?" Iro ne, mutumin Jibiya, mai a-kori-kura. Na san shi sarai, Baba ne ya rufa zauren ubansa. Ya rungume ni, ya ce ashe ina raye, ana can ana cewa na gudu. Ya ce ɗaki yana nan tsaye, ruwa bai sauka ba tukuna amma gabas kullum baƙi take. Ya tambaya ko ina da takardar itacen, na nuna masa. Ya karanta ta sau biyu, abin da ya kamata ya sa in tsargu. Ya ce, "Kai da kayanka duk a wuyana. In karɓi ko sisi hannun ɗan Magini? Allah ya sawwaƙe."

Kafin mu loda sai da na sake auna kowace, talatin da shida, duk sun kai ƙulli. Bayan motar gajere ne, azara ta zarce shi da kamu ɗaya da rabi, don haka muka bar ƙofar baya a buɗe, muka ɗaure da igiya, Iro ya rataya jan ƙyalle a bakin mafi tsawo. Muka kama hanya da sassafe. Ina gaban mota ina jin iskar gida, har waƙa na yi.

Muna wuce Ɗan Isa ya taka birki. Ya ce layin motoci a bakin iyaka yana da tsawo, gara in sauka in tsallaka a ƙafa, in samu fura in sha, in jira shi a gindin bishiyar bedin da ke ɓangarenmu. Takardar kuma in bar masa, don tare da kaya ake son ganinta. Wata uku ban rabu da itacen nan ko da taku goma ba. Amma ɗan garinmu ne, ga gida ina shinshinawa. Na miƙa masa takarda na sauka.

Na tsallaka lafiya, ba wanda ya tsare ni. Na zauna gindin bedi na sha fura, ita ce ta farko cikin wata uku, har na ce wa mai furar ta ƙara. Hantsi ya yi, motocin da ke bayanmu suka wuce. Azahar ta yi, na yi salla ina waiwaye. Iyakar nan cike take da hayaniya: tireloli na shigowa da shanu, suna fita da fetur da siminti, 'yan canji na kaɗa takardu, samarin Nijar na tsugune da ƙunshinsu suna jiran mota. Ni idona na kan sandar da ake ɗagawa. Can gabas hadari ya yi gangami sannan ya watse. Sai da la'asar ta yi sakaliya na hango motar Iro. Masu kaki suka duba takarda, ɗaya ya ɗaga gefen tamfal ya ga itace, aka ɗaga sanda. Ta taho ta wuce ni kaɗan ta tsaya. A nan na ga ƙofar bayanta a rufe, an sa sakata.

Na daɗe ina kallon ƙofar nan kafin ƙwaƙwalwata ta yarda da abin da idona ya gani. Na je na fizge tamfal. Ga azarata a jere, lafiyayyu, bakin kowace fari tas da sabon yankan zarto. Guntayen an tara su a lungu kusa da safayar taya. Ta tsakanin azara kuma ina hango leda, dilolin atamfa ne shimfiɗe a ƙasa, irin wadda aka hana shigowa da ita a lokacin. Ashe wani gida ya ratse a bayan Ɗan Isa, aka sauke itacena, aka shimfiɗa kayansa, aka mayar da nawa a sama. Da ƙofa a buɗe za a hango dilolin ta baya, shi ya sa ya nemo masu zarto. Yinin da na yi ina shan fura, yi suke suna yanka.

Na ce, "Iro, mi ka yi?"

Ya ce, "Rage murya mana. Ɗan baki ne kawai aka rage don ƙofa ta rufu."

Na kwanto igiya na shimfiɗa a kan ɗaya. Ƙullin ya wuce bakinta yana lilo a iska. Na ce, "Ka san wata nawa na yi? Ka ga hannuna? Ka san ɗakin wa za a rufa?"

Ya ce, "Haba Isuhu, sai ka ce wani zinari. Itace ne fa. Ka samu kafinta ya haɗa maka da ƙusa. In ma ta ƙi, ba ga Lawali da kwanonsa ba?"

Ban san lokacin da na kai masa naushi ba. Ya faɗi jikin mota, ya tashi yana share baki, ko ramawa bai yi ba. Na juya na nufi wajen masu kaki, na rantse sai na tona masa asiri. Ya biyo ni a hankali yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce in je, amma in tuna itacen wa ke sama, sunan wa ke jikin takarda. In an kama mota da azarar za a kama, ni da shi kuma ɗaki ɗaya za a rufe mu, ruwa ya sauka muna ciki. Na tsaya tsakiyar titi, tirela na yi mini oda, na rasa gaba na rasa baya. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya fi yankan ƙona mini rai. Tun a otogar ya gama lissafina, takardata yake so da itacen da zai rufa wa kayansa asiri.

Na dawo na ce ya sauke mini kayana a mararrabar Mazanya. Da muka isa ya sauke dogayen, zai ja mota da guntayen, wai matarsa za ta hura wuta. Na ce in ya matsa da ko ɗaya sai dai a ɗauki gawar ɗayanmu. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya na zuba a buhu, talatin da shida. Ban san me zan yi da su ba. Nawa ne, shi ke nan.

Da safe aka kai mini su gida da amalanke. Baba na zaune ƙofar shigifa bisa buzu, ya rame fiye da yadda na bar shi. Ya ji muryata ya ce, "Isuhu ne? Ka kawo?" Na ce na kawo, Baba. Ya ce a jawo masa ɗaya. Ya shafa ta tun daga gindi, ya ƙwanƙwasa, ya sa farce, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Namiji ne. Irin ta ubana ce sak." Sannan hannunsa ya kai baki ya ji sabon yanka. Ya sake shafa wurin. Ya miƙo hannu na sa masa igiya, ya shimfiɗa da kansa, ya bi ta da yatsa har itace ya ƙare igiya ba ta ƙare ba.

Na faɗa masa komai ina kuka kamar ƙaramin yaro. Na ce mu kafa wasu dirkoki daga ciki su tari kawunan. Ya ce da wace kiryar? Fari da masu gawayi sun cinye ta, in ma an samu ɗanya ce, sai ta shekara tana bushewa, ɗanyen itace kuwa gara yake kira. Na ce mu haɗa da ƙusa. Ya ce, "Ka ɗora ƙasa mai nauyin raƙuma goma bisa ƙusa, ka kwantar da ubanka a ƙasanta?" Ya tambaya ina guntayen. Na jawo buhu. Ya zaro ɗaya ya auna da hannunsa, ya juya ta, ya sake aunawa. Ya ce, "Ka sa mini waɗannan ƙarƙashin gado. Kar wanda ya taɓa." Na ɗauka rikicin tsufa ne, na yi yadda ya ce.

Kwana biyar bayan haka ruwan farko ya sauka. Da la'asar ne, muka ɗauko Baba muka fitar da shi yana turjewa, ba a jima ba kusurwar gabas ta rufto. Yaya Lawali ya zo da leburorinsa kamar yadda aka yi alkawari. Ƙasar ba ta ba su wuya ba, amma ƙashin ɗakin ya ƙi faɗuwa. Ƙirin da kakana ya ɗaura sai da gatari aka sare shi. Dirkokin kuwa sai da aka ɗaura musu sarƙa tipa ta ja, suka fito ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwarzanen gara babu a jikinsu. Baba na zaune gindin ɗorawa yana jin ƙarar, yana ƙirgawa da yatsa har goma. Azarata ta Dallol kuma, da ita aka yi wa motar Yaya rumfa.

Ɗakin bulo ya tashi cikin wata guda, da fenti shuɗi da taga mai gilashi. Da rana Baba ba ya iya zama ciki don zafi, in ana ruwa ba ya iya barci don ƙarar kwano. Gindin ɗorawa ya koma da buzunsa. Bai taɓa yi wa Yaya ƙorafi ba, ni ma bai taɓa ce mini don me ka sauka daga motar ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi. Damina biyu ya ƙara, ya rasu da bazara.

Ana haƙa kabari Kawu ya ce a je a saro itacen rufi. Sai a lokacin na gane. Na shiga na jawo buhun daga ƙarƙashin gado, na saɓa shi a kafaɗa har maƙabarta. Da aka sa Baba a makwancinsa na sauka da kaina na jera su a kansa, baƙaƙe, gefe da gefe, yadda ya koya mini jera azara. Kamu ɗaya da rabi, suka hau daram, kan kowace ya zauna a kan ƙasa ta nan da ta can. Rufin da na tafi Dallol nemo masa ke nan.

Ina fitowa daga ramin, ƙasa a gwiwata, na ji an dafa kafaɗata. Iro ne, lokacin ya zama Alhaji, da motoci uku. Ya leƙa ya gane itacen. Ya sunkuyo kunnena ya ce, "Ka gani ko, Isuhu? Ashe dai sun yi rana."

Yaya Lawali ne ya riƙe mini hannu. Ya riƙe da ƙarfi har sai da aka gama tura ƙasa, kuma da na dube shi na ga gemunsa jiƙe da hawaye. Shi na yafe masa tun a wurin. Sanda ma na yafe masa, ɗan kasuwa ne ya ga wawa ya ci. Iro kuwa shekara da shekaru ana aiko mini dattawa, wai abu ya wuce, wai itace ne. Kowa ya zo sai in buɗe akwati in ɗauko igiyar in ba shi, in ce ya kai masa, ran da ya cika mini azarata ta kai ƙullin nan sai mu gaisa. Har yau ba wanda ya yarda ya ɗauke ta.